Yadda ake sarrafa lambobin kwafin sassa a zanen haɗa inji

Idan ka saka noti iri ɗaya sau takwas a zanen haɗa inji, fayil ɗin notin guda ɗaya ne, amma manhaja tana ba kowane kwafi lambarsa. A manhajar zane ta SolidWorks za ka ga Noti<1>, Noti<2>. Autodesk Inventor yana rubuta Noti:1, CATIA kuwa Noti.1. Da ka goge na uku, jerin zai tsallake daga 2 zuwa 4, kuma sauran ba za su matso su cike gurbin ba. Nan ne hankalin masu koyo ke tashi.

Matakin farko shi ne ka san aikin wannan lamba. Shaida ce da manhaja ke gane kowane kwafi da ita, ba ƙidaya ba ce. Ganin Noti<15> ba ya nufin akwai noti 15 a injin. Adadi na gaskiya yana cikin jadawalin kaya, wato jerin sassan injin da yawan kowanne, inda duk kwafin ke zama a layi ɗaya.

Na biyu, kar ka goge sashe ka sake saka shi don kawai lambobi su jeru. Wannan ne kuskuren da ya fi tsada. Duk ɗaurin da ya manne notin a raminsa, wato umarnin da ke riƙe shi a wurin a cikin manhaja, da wannan kwafin aka yi shi. Haka awon da aka jingina da shi a takardar zane, da 'yar da'irar da ke nuna lambar layinsa a jadawalin kaya, da duk wani sashen da ya ɗauki siffa daga gefensa. Idan ya tafi, ɗaurin ya tafi, awon ya rasa madafa, sai ka wuni kana gyara abin da dā lafiyarsa ƙalau. A ganina giɓi a jeri bai kai a ɓata minti ɗaya a kansa ba.

Na uku, idan canjin ya zama dole fa? In wani notin kake so a wurin, yi amfani da umarnin musanya sashe, wanda ke ƙoƙarin riƙe ɗaurin. Bayan ya gama ka duba ko akwai ɗaurin da ya nuna kuskure. In cire shi za ka yi na ɗan lokaci, dakatar da shi. A kula: a SolidWorks, sashen da aka dakatar yana fita daga jadawalin kaya, wanda aka ɓoye kawai kuwa ana ci gaba da ƙirga shi.

Na huɗu, ba kwafin suna mai ma'ana idan wurinsa na da muhimmanci. A SolidWorks danna dama a kan sashen, buɗe akwatin bayanansa, ka cike gurbin "Component Reference" da abu kamar "hagu-sama". A Inventor ana iya sauya sunan kai tsaye a jerin sassa ba tare da taɓa fayil ba, kuma umarnin "Rename Browser Nodes" yana mayar da sunayen su dace da sunan fayil ko lambar sashe.

Inda notuna suka yi yawa a kan da'ira ko layi, saka ɗaya ka sa manhaja ta maimaita shi, jerin zai fi tsabta.

Kafin zane ya tafi wurin masu ƙira, daidaita lambobin layi a jadawalin kaya, domin su maƙeri ke karantawa. Ka tabbatar kowace da'ira a takardar ta yi daidai da layinta, sannan ka gwada adadin da ke jadawalin da ramukan da ke jikin injin.