Kurakuran masu son buɗe kwaleji a Amurka wajen neman izinin ba da digiri

Babu jami'ar da aka buɗe yau aka tantance ta gobe. Hukumomin tantance ingancin manyan makarantu a Amurka ba sa duba makarantar da ba ta da ɗalibai, ba ta da malamai a bakin aiki, ba ta da littafin kuɗin da za a bincika. Dole sai ta yi aiki na wani lokaci tukuna. To a tsakanin ranar buɗewa da ranar samun tantancewa, wa ya ba ta ikon rubuta "digiri" a kan takarda ta miƙa wa ɗalibi? Gwamnatin jihar da take zaune ce. A wannan tsakanin ne masu kyakkyawar niyya suke yawan tuntuɓe, kuma wanda ya fi jin jiki shi ne ɗalibin da ya riga ya zuba kuɗinsa da shekarunsa.

Maganar ta shafi 'yan'uwa mazauna Amurka da ke son ɗaga makarantar addini ko ta koyon sana'a ta zama kwaleji, ta kuma shafi masu makarantu a gida da ake kawo wa tayin haɗin gwiwa da wata "jami'ar Amurka".

Kuskure na farko: neman izini a inda babu shi

A Najeriya mun saba da hannu ɗaya. Hukumar NUC ce ke duba takardun mai son kafa jami'a mai zaman kanta, ita ce kuma ke zuwa tantance kwasa-kwasai. Shi ya sa mutum yake ɗauka can ma akwai wani ofishi a Washinton da zai buga masa hatimi. Ma'aikatar Ilimi ta tarayyar Amurka ba ta ba kwaleji izinin ba da digiri, ba ta kuma tantance makaranta da kanta. Abin da take yi shi ne amincewa da hukumomin tantancewa masu zaman kansu, sannan ta ba ɗaliban makarantun da suka cancanta tallafi da rance bisa dokar ilimi mai zurfi ta 1965. Izinin ba da digiri na jiha ne, in ban da tsirarun makarantu da majalisar tarayya ta ba iko, kamar na soja, da waɗanda ƙabilun 'yan asalin ƙasar suka kafa.

Gyaran shi ne ka fara da zaɓen jiha, ka nemi hukumarta. A Kalifoniya sunanta BPPE. A Teksas hukumar daidaita ilimi mai zurfi ce, THECB. A Fulorida CIE, a Bajiniya SCHEV. A Niyok kuwa majalisar ƙolin ilimi ta jihar ce ke ba da takardar kafuwa, kuma kowane kwas sai an yi masa rajista daban. Dokar wannan ba ta zama ta waccan ba.

Takardar kamfani ba izinin digiri ba ce

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma shi aka fi yaudarar mutanenmu da shi. Mutum ya biya kuɗi kaɗan ta intanet, cikin 'yan kwanaki ofishin sakataren jiha ya aiko masa da takarda mai hatimin zinare cewa an yi wa kamfaninsa rajista, sunan kamfanin kuma ya ƙare da "jami'a". Ya ƙara da takardar hukumar haraji ta tarayya da ke cewa ƙungiyarsa ba ta neman riba ba ce. Sai ya sa su a firam ya rataye. Duk takardun na gaske ne, amma babu wadda ta ce masa ya ba da digiri. Takardar mallakar fili daban, izinin gini daban.

Haka hatimin da ake bugawa a bayan takarda don a karɓe ta a ƙasar waje. Abin da yake tabbatarwa kawai shi ne sa hannun jami'in da ke jikin takardar na gaske ne. Bai ce komai ba game da karatun ko makarantar.

Idan wani ya zo maka da tayin haɗin gwiwa, kada ka tsaya a kan abin da ya nuna maka. Ka tambaye shi sunan hukumar ilimin jihar da ta ba shi izini, ka shiga shafinta da kanka, ka ga ko sunan makarantar yana cikin jerin, kuma ka ga wane digiri ne takamaimai aka yarje mata. Izinin koyar da satifiket na wata tara a fannin kwamfuta bai zama izinin ba da digirin digirgir ba.

Fara talla da karɓar kuɗi kafin a amsa maka

Wasu suna miƙa takardun neman izini, sai su ga ai magana ta kusa ƙarewa, su buɗe shafi su fara ɗaukar ɗalibai. A Kalifoniya tarar gudanar da makaranta ba izini tana iya kaiwa dala 100,000. A jihohi irin su Niyok da Teksas kuwa, kiran kanka kwaleji ko jami'a ma sai da izini. Ka jira takarda ta shigo hannunka.

Mantawa da cewa izinin yana da wa'adi

Nan ne nake so mai karatu ya fi nutsuwa, domin nan ne dokar ta fi sauyawa, kuma nan ne makarantu na gaskiya suke mutuwa.

A da akwai jihohin da makaranta za ta yi shekara ashirin tana ba da digiri da izinin jiha kaɗai, ba ta taɓa neman tantancewa ba. Kalifoniya ta daɗe a haka. Tsohuwar hukumarta ma wa'adin dokarta ya ƙare a Yulin 2007, aka yi fiye da shekara biyu babu mai sa ido, har sai da dokar 2009 ta kafa BPPE. A 2014 majalisar jihar ta rufe ƙofar. Tsofaffin makarantu marasa tantancewa aka ce su kawo tsarin yadda za su same ta kafin 1 ga Yulin 2015, su kai matakin 'yan takara, wato hukumar tantancewa ta karɓe su a matsayin masu kan hanyar samu, kafin Yulin 2017, su kammala kafin Yulin 2020. Sabuwar makaranta kuwa izinin wucin gadi ake ba ta, na kwas ɗin digiri da bai wuce biyu ba. Cikin shekara 2 dole ta nuna wata hukumar tantancewa da tarayya ta amince da ita ta karɓe ta a matsayin 'yar takara, cikin shekara 5 kuma ta sami cikakkiyar tantancewa. Idan ta gaza, a dakatar da kwasa-kwasan digirin, a hana ta ɗaukar sababbin ɗalibai.

Teksas tana ba da takardar izini mai shekara 2, ana sabuntawa, amma jimilla ba ta wuce shekara 8. Wayomin ta yi tata dokar a 2006, ta ce ko dai makaranta tana da tantancewa ko tana kan hanyar samu. Jami'ar Preston da ke jihar ta tattara ta koma Alabama, can ma ba a daɗe ba aka tsaurara. Jami'ar Kennedy-Western, ita ma ta Wayomin, ta sauya suna zuwa Warren National, ta nemi tantancewa ba ta samu ba, ta rufe a 2009. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Shekara biyar kamar da yawa, amma ba ta da yawa. Hukumar tantancewa za ta so ta ga kwamitin amintattu wanda ba 'yan gida ɗaya ba ne, da rahoton kuɗi na shekaru a jere daga akanta mai zaman kansa, da shaidar cewa ɗalibai suna koyon abin da aka ce ana koya musu, galibi har da waɗanda suka kammala. Digirin farko kansa shekara huɗu yake ci. Wanda ya bari sai shekara ta uku ya fara tambayar wace hukuma zai nema, ya makara.

Gyaran shi ne ka zaɓi hukumar tantancewa kafin ka cike fom ɗin jiha. Ka karanta sharuɗɗanta, ka gina manhajarka da tsarin mulkin makarantar a kansu tun ranar farko, ka ware kuɗin ziyarce-ziyarcen masu dubawa a kasafinka. Kuma ka fara da kwas ɗaya. Kwalejin Zaytuna da ke Bakili a Kalifoniya misali ce mai kyau: ta fara a matsayin cibiyar karatu a 1996, ta ɗauki ajin digiri na farko a 2010 da ɗalibai kaɗan, suka kammala a 2014, hukumar WASC ta tantance ta a 2015. Ba ta buɗe da tsangaya goma ba. A ganina wannan haƙurin ya fi kowace dabara.

Wajen zaɓen hukumar ma akwai rami. Akwai hukumomin tantancewa na bogi, wasu ma masu makarantar ne suka ƙirƙire su don su tantance kansu. Wadda za ta yi maka amfani ita ce wadda sunanta yake jerin Ma'aikatar Ilimi ta tarayya ko na CHEA, ƙungiya mai zaman kanta da ita ma take amincewa da hukumomin tantancewa, kuma wasu jihohin jerin ma'aikatar kaɗai suke karɓa. Ka duba lafiyar hukumar ita kanta: ACICS ta yi shekaru tana cikin manya, amma a Agustan 2022 tarayya ta janye amincewarta, makarantun da ke ƙarƙashinta suka shiga neman mafaka.

Faɗaɗa rangwamen makarantun addini

Jihohi da dama sun ɗauke wa makarantun addini nauyin neman lasisi. A Teksas kotu ce ta ƙarfafa wannan: hukumar jihar ta ci makarantar tauhidin Kirista ta Tyndale tarar dala 173,000 saboda takardun da ta ba ɗalibanta da sunan da ta kira kanta, amma a 2007 kotun ƙolin jihar ta ce gwamnati ba ta da hurumin tsara karatun addini ta wannan hanya.

Kuskuren shi ne ɗaukar rangwamen kamar buɗaɗɗen fili. A Fulorida dole makarantar ta riƙa miƙa takardar rantsuwa kowace shekara, dole kuma sunan digirin ya ƙunshi kalmar da ke nuna na addini ne, a rubuta shi haka a jikin takardar shaida da sakamakon karatu. Wanda ya fake da rangwamen addini ya ba da digirin harkar kasuwanci zalla ko na aikin jinya ya fita daga inuwar. Sannan rangwame ba yabo ba ne. Ma'anarsa jiha ba ta duba ka ba, kuma ɗalibi yana da haƙƙin ka faɗa masa haka kafin ya biya ko sisi.

Zaton izinin jiha ɗaya ya isa ko'ina

Mai koyarwa ta intanet yakan ɗauka ba shi da iyaka. Akwai yarjejeniyar SARA wadda jihohi 49 suka shiga, ban da Kalifoniya, ta yadda makarantar da jiharta ta amince za ta koyar da ɗaliban sauran daga nesa. Amma sharaɗin shiga shi ne tantancewa. Makarantar da ba ta da ita dole ta bi jihohi ɗaya bayan ɗaya ta tambayi dokarsu, musamman idan za ta buɗe ofis ko ta tura ɗalibai horon aiki a can.

Akwai kuma juyin wannan: makaranta mai adireshi a Amurka amma duk ɗalibanta suna Afirka ko Asiya. Hawayi, wadda ta bar marasa tantancewa su yi aiki, ta shardanta ofis a jihar, da ma'aikaci mazaunin jihar, da aƙalla ɗalibai 25 a cikinta, don toshe wannan kafa. Shi kuma ɗan Najeriya da ya dawo da irin wannan digiri zai tarar da Ma'aikatar Ilimi ta tarayyar Najeriya tana jiransa da tambayoyi kafin ya je bautar ƙasa, kuma tun bayan dakatar da tantance digirin ƙasashen Benin da Togo a Janairun 2024 idon hukuma ya ƙara buɗewa a kan takardun waje.

Kalaman talla

"Gwamnatin jiha ta amince da mu" magana ce da ke iya zama gaskiya a harafi amma ruɗi a kunne. Dokar Kalifoniya ta hana makaranta nuna cewa izinin yana nufin jiha ta yabe ta ko ta ba da shawarar a shige ta. Ta kuma tilasta wa mara tantancewa ta rubuta a littafin bayaninta cewa ɗalibanta ba za su sami tallafin tarayya ba, cewa wasu ayyuka, har da na gwamnatin jihar, ba sa karɓar digirin, da kuma ko mai shi zai iya zama jarrabawar lasisin sana'a. Hawayi ma ta ce a bayyana rashin tantancewar a kowace talla. Ka rubuta wannan da manyan baƙi a shafin farko, kada ka ɓoye shi a ƙasan shafi na arba'in. A Teksas amfani da digirin bogi don neman aiki laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, a Oregon kuma mai digiri daga makaranta mara tantancewa sai ya bayyana hakan idan zai ambace shi. Wato ɓoyewarka tana iya jefa ɗalibinka hannun hukuma.

Fayil mai rauni

Sauran kurakuran na cikin fayil ne, kuma suna da sauƙin gyara ga mai natsuwa. Digirin farko a can yana kai kiredit (ma'aunin nauyin karatu) 120, na shekara biyu kuma 60. Manhajar da ta gaza haka, ko wadda ta cika rabin kiredit da "ƙwarewar rayuwa", za a mayar da ita. Malami ya kasance yana da digirin da ya dace da matakin da zai koyar, daga makarantar da aka tantance, kuma idan a waje ya yi karatu a kai takardunsa a auna su tukuna. A nuna ɗakin karatu na gaske ko rajistar rumbun littattafai na intanet. A rubuta ƙa'idar mayar da kuɗi ga wanda ya fasa. Kalifoniya tana son dukiyar da ke hannun makaranta ta kai 1.25 a kan kowane 1 na bashin da za ta biya nan kusa, jihohi da yawa kuma suna neman a ajiye jingina da za a biya ɗalibai da ita idan an rufe.

Abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne tsarin rufewa, domin babu mai son tunaninsa ranar buɗewa. Hukuma za ta tambaya: idan kuka tsaya, wace makaranta ce za ta karɓi ɗalibanku su ƙarasa, kuma wa zai riƙe sakamakon karatunsu? A Kalifoniya wannan sakamakon har abada ake ajiye shi. Ka sami amsar a rubuce, da sunan mai riƙon da adireshinsa, kuma ka tuntuɓi makarantar da za ta karɓe su tun da wuri, domin makarantu masu tantancewa da yawa ba sa karɓar kiredit daga wadda ba ta da ita.