Yadda Injiniya Zai Yi Aikin Sa-kai Mai Ɗorewa da Zai Ƙara Masa Ƙwarewa

A wurin aiki ba a cika damƙa wa sabon injiniya ragamar komai ba. Shekarunsa na farko kan tafi ne wajen duba lissafin wani ko gyara zanen da na gaba da shi ya yi, kuma sai ya daɗe kafin a bar shi ya zauna da mai aiki ko ya tsara kasafin kuɗi. Aikin sa-kai yana ba shi wannan dama da wuri, domin a can yakan riƙe aiki tun daga jin koken masu buƙata har zuwa ranar miƙa shi. Sai dai na ga matasa da yawa sun shiga da zuciya ɗaya, sun fito da hotuna kawai: abin da suka kafa ya tsaya bayan 'yan watanni, su kuma ba su da takarda ko ɗaya da za su nuna wa hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista. Ba zan taɓa batun lissafi da zane ba, tunda wanda ya gama karatun injiniya ya san su. Abin da ke kayar da mutane yana wani wurin ne.

Mataki na farko shi ne ka san abin da ka rasa kafin ka nemi aikin da za ka yi. Ka ɗauki ƙa'idojin hukumar rajista ta ƙasarka ka karanta su da biro a hannu. Majalisar Injiniyoyi ta Birtaniya, alal misali, tana auna mai neman cikakkiyar rajista a fannoni biyar: sanin ilimin sana'ar, iya tsara aiki da warware matsala, ɗaukar nauyi da shugabanci, iya sadarwa da mu'amala da mutane, da kuma riƙo da ɗa'ar sana'a. Yawancin matasa suna da ƙarfi a biyun farko, suna kuma da rauni a na uku da na huɗu. Idan haka kake, kada ka karɓi aikin sa-kai da zai sake zaunar da kai gaban kwamfuta kana zane, domin wannan kana yin sa a ofis kuma ana biyan ka. Ka nemi wanda zai sa ka jagoranci mutum uku ko huɗu, ka riƙe kuɗi, ka tsaya gaban taro ka yi bayani da harshen da wanda bai yi karatun injiniya ba zai gane. A jihohi da dama na Amurka ana buƙatar mai lasisi ya kawo shaidar wasu sa'o'i na ƙarin ilimi kafin a sabunta masa, kuma ba kowane aikin sa-kai ake lissafawa a ciki ba, saboda haka ka tambayi hukumarka tun da wuri abin da take karɓa.

Mataki na biyu, ka shiga ƙungiyar da ta riga ta kafu, kada ka kafa taka. Sabuwar ƙungiya tana cinye shekarar farko wajen rajista da buɗe asusun banki da rigimar wanda zai zama shugaba, ba tare da an buga ƙusa ko ɗaya ba. Ƙungiyoyin injiniyoyi masu aikin agaji sun daɗe: an kafa RedR a Birtaniya a 1980, ta Injiniyoyi Marasa Iyakar Ƙasa ta Faransa a 1982, mai irin wannan suna ta Kanada, wato Engineers Without Borders, a 2000, ta Amurka kuma a 2002, bayan Farfesa Bernard Amadei na Jami'ar Kolorado ya yi aikin ruwa da ɗalibansa a wani ƙauye na ƙasar Belize. IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta duniya, tana da rukunonin agaji da ake kira SIGHT na masu aikin lantarki da sadarwa. Mai aikin manhaja yana iya farawa daga ɗakinsa da zana taswira a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya ƙara wa bayani, kamar yadda masu sa-kai suka yi wa Haiti bayan girgizar ƙasa ta 2010. Idan babu reshen ko ɗaya daga cikinsu kusa da kai, reshen ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasarka ya wadatar. Ka kuma zaɓi aikin da za ka iya zuwa ka dawo a yini guda. Kuɗin jirgin da za ka biya don zuwa wata ƙasa na mako biyu ya fi amfani idan aka sayi kayan gyara da shi, kuma wurin da ba za ka iya komawa ba, ba za ka taɓa sanin ko aikinka ya rayu ba. Wurin da bala'i ya afka kuwa ba na sabon shiga ba ne, domin a can ana neman wanda ya riga ya ƙware ne.

Mataki na uku, ka je ka saurara, ka auna, ba tare da ka ɗauki mafita a aljihu ba. Wanda ya isa wuri yana cewa ya zo kafa sola, za a ce masa ana so, ko da abin da ya fi damun mutane shi ne kwalbatin da ke toshewa duk damina. Ka tambayi masu amfani da abin kai tsaye, musamman waɗanda ba sa zuwa taro. Ka mayar da abin da ka ji zuwa lambobi. Ƙa'idojin Sphere na ayyukan jinƙai sun sanya lita 15 ga kowane mutum a rana a matsayin mafi ƙaranci, da tazarar da ba ta wuce mita 500 ba daga gida zuwa wurin ɗibar ruwa. Mutum 400 ke nan suna buƙatar lita 6,000 a rana, kuma wannan ma'aunin lokacin gaggawa ne, na zaman lafiya ya fi shi.

Mataki na huɗu shi ne wanda ya fi kowanne muhimmanci, kuma a nan ne na ga mafi yawan ayyuka sun mutu: kafin ka ja layi ɗaya a takarda, ka san wanda zai gyara abin idan ya lalace. Injiniya ya saba tunanin cewa aikinsa ya ƙare ranar da aka kunna inji ya tashi. A kamfani hakan yana da hujja, domin akwai sashen kula da kayan aiki da ke karɓa daga hannunsa. A aikin sa-kai babu wannan sashe, sai wanda ka gina da kanka, kuma idan ba ka gina shi ba ka bar wa mutane jangwam.

Labarin PlayPump ya isa misali. Famfo ne da aka ƙera a Afirka ta Kudu, wanda ke jawo ruwa zuwa tanki idan yara suna juya wani lilo mai zagayawa. Ya samu lambar yabo ta Bankin Duniya a 2000, kuma a 2006 aka yi masa alƙawarin tallafin dala miliyan 16.4. Daga baya binciken da aka yi a wurare irin su Mozambik ya nuna cewa wasan yara ba ya isa ya cika buƙatar gari, don haka mata ne suka koma juya lilon da ƙarfinsu, kuma idan ya lalace mutanen wurin ba sa iya gyara shi da kansu, sai sun jira masu gyara daga nesa. A wasu wuraren ma an cire famfon tuƙa-tuƙa mai aiki ne aka dasa shi. Ka kwatanta wannan da famfon Afridev, wanda aka fara tsarawa a shekarun 1980 da nufin mutanen ƙauye su riƙa gyara shi. An yi shi ne yadda za a zaro sassan da ke ƙasa ta cikin bututu ba tare da an ɗago bututun ba, da 'yan kayan aiki kaɗan. Wani famfon tuƙa-tuƙa kuma mai suna India Mark II, duk da ƙarfinsa, sai an tara mutane da kayan ɗagawa an fito da bututun gaba ɗaya kafin a kai ga silinda. Bambancin da ke tsakanin waɗannan na'urori ba na wayon ƙira ba ne kaɗai, ya danganta da tambayar da mai ƙirar ya fara yi wa kansa.

Saboda haka ka zauna da masu wurin ka samu amsar waɗannan abubuwa a rubuce. Wane ne mai gyara, da sunansa, kuma mutum biyu ne ko fiye, domin ɗaya yana iya barin gari? A wace kasuwa ake samun sassan da suka fi saurin cinyewa, kuma ka je da ƙafarka ka gan su a kan kanta? Daga ina kuɗin gyara zai fito, wa ke karɓa, a ina ake ajiyewa? Filin na wane ne, kuma mai shi ya sa hannu? Idan aka ba ka kyautar na'ura daga waje wadda babu sassanta a kasuwar da ke kusa, ka yi godiya ka ƙi karɓa, ko da ta fi kyau sau goma. Kyauta ce ranar farko, amma ranar da ƙaramin sashe ɗaya ya ƙone ta zama tarkace.

Daga nan sai ka bar amsoshin su yi maka zanen. A wurina, tsarin jawo ruwa da hasken rana bai kamata ya ƙunshi batir ba. Ka ƙara girman tanki, famfo ya yi aiki da rana, ruwan da ke sama ya zama ajiyarka. Batir mai dalma yana saurin mutuwa idan ana yawan zuƙe shi fiye da rabi, kuma shi ne sashen da ya fi tsada wajen sauyawa, ga shi kuma yana jan hankalin ɓarawo. Inda batir ya zama dole, kamar firjin allurar rigakafi a ƙaramin asibiti, ka rubuta tun ranar farko shekarar da ake sa ran sauya shi da wanda zai biya. Masu manhaja su ma ba su tsira ba: shafin intanet da ka gina wa wata makaranta zai ɓace ranar da kuɗin rajistar sunansa ya ƙare, idan da adireshin imel ɗinka da katin bankinka ka yi rajistar. Komai ya kasance da sunan masu shi, kalmomin sirri kuma a hannunsu.

Koyar da masu gyara ba lacca ba ce. Ka sa hannuwanka a baya, su kwance na'urar su mayar da ita a gabanka har sau biyu, sannan ka ɓata wani abu da gangan ka bar su su gano shi. Takardar bayanin gyara ta zama shafi ɗaya ko biyu, da harshensu, da zane mai yawa, a liƙe kusa da na'urar. Idan bayan duk wannan ba a samu wanda ya yarda ya ɗauki nauyin gyara ba, kada ka gina. Ka rubuta rahoton dalili ka miƙa wa ƙungiyarka. Wannan rahoton ma aikin injiniya ne, kuma yana shiga cikin tarihin aikinka.

Mataki na biyar, ka tsaya a iyakar abin da ka iya. Kundin ɗa'a na ƙungiyar ƙwararrun injiniyoyi ta Amurka (NSPE) ya ɗora tsaron lafiyar jama'a a kan komai, ya kuma ce injiniya ya yi aiki a fannin da ya ƙware kawai, kuma kundin ƙasashe da yawa haka suke cewa. Rashin karɓar kuɗi ba ya ɗauke maka alhaki idan ginshiƙin tanki ya rufta kan mutum. Injiniyan lantarki kada ya zana hasumiyar tanki don kawai babu wani a wurin. Duk zanen da ya shafi gini, ruwan sha ko wutar lantarki, ka kai wa injiniya mai rajista ya duba ya sa hannu, kuma ka roƙe shi ya zama mai ba ka shawara har ƙarshen aikin, domin shi ne zai iya yi maka shaida a gaban hukuma. Ruwan sabuwar rijiya kuma sai an gwada shi a ɗakin gwaji kafin kowa ya sha. Ka sanar da wurin aikinka a rubuce, kada kuma ka yi amfani da manhajar kamfani ko na'urar awonsa ba da izini ba.

Mataki na shida, ka riƙe littafin aiki tun daga ziyarar farko: kwanan wata, sa'o'in da ka yi, shawarar da ka yanke da dalilinta, kuɗin da ya shigo da wanda ya fita tare da rasit. Mai ba ka shawara ya sa hannu a kai lokaci-lokaci. Ka koma wurin bayan wata shida, ka sake komawa bayan shekara, ka rubuta abin da ka tarar ko da bai yi daɗi ba. Engineers Without Borders ta Kanada ta fara wallafa rahoton ayyukanta da suka gaza a 2008, don haka ba kai ne za ka fara ba.

Sauran abu ne mai sauƙi. Ka gabatar da aikin a taron reshen ƙungiyarku, kuma ranar 4 ga Maris, wadda UNESCO ta ware a 2019 a matsayin Ranar Injiniya ta Duniya, lokaci ne da rassa kan nemi masu jawabi. A takardar neman rajista ko neman aiki, ka rubuta abin da kai ka yi da kanka, da lambobinsa: mutane nawa ka jagoranta, lita nawa tsarin ke bayarwa a rana, masu gyara nawa ka koyar, da halin da ka same shi a ziyararka ta ƙarshe. Ka haɗa da kwafin yarjejeniyar gyara da sa hannun injiniyan da ya duba zanenka.