Yadda Za Ka Ɗora Bincikenka a Rumbun Jami'a da Kanka

Malamai da ɗaliban digiri na biyu da na uku, wannan naku ne. Mutum ya sha wahalar bincike, ya biya kuɗin data, ya jira masu tantancewa wata da watanni, takarda ta fito a jonal, sai kuma a kulle ta sai wanda ya biya dala zai karanta, har ɗalibansa na cikin aji ba su iya buɗewa. Alhali jami'arka wataƙila tana da rumbun ajiya a intanet wanda laburare ke kula da shi, kyauta ne, kuma kai da kanka za ka iya ɗorawa. ABU Zariya na da nata mai suna Kubanni, Jami'ar Jos na da nata, Covenant ma haka. Yawancinsu kan manhajar DSpace suke, wadda MIT da HP suka fitar a 2002, wasu kuma EPrints ta Jami'ar Southampton a Ingila. In ba ka san ko taku na da shi ba, duba OpenDOAR, shafin da ke jera rumbunan ajiya na duniya, ko ka taka ka je laburare ka tambaya.

To amma kafin ka je ko'ina, abin da ya fi komai muhimmanci shi ne wane kwafi za ka ɗora, nan ne mutane ke yin kuskure sosai. Takardarka tana da kwafi uku. Akwai wanda ka fara turawa jonal kafin kowa ya duba. Akwai wanda ka gyara bayan masu tantancewa sun yi maka gyare-gyare har edita ya ce an karɓa, yana nan a Word ɗinka, babu tambarin kamfani babu lambar shafin jonal. Sai na ƙarshe wanda kamfani ya tsara da tambarinsa. Shi na ƙarshen nan kowa ke son ɗorawa don ya fi kyau a ido, amma in ka sa hannu a takardar miƙa haƙƙin mallaka, galibi ba naka ba ne kuma. Na tsakiyar nan shi ne yawancin kamfanoni suke yarda ka saka a rumbu, kuma bayanin da ke cikinsa kusan ɗaya ne da na jonal, galibi tsari ne ya bambanta.

Don haka ranar da imel ɗin karɓa ya shigo, a ranar ka ajiye wannan fayil ɗin, ka sa masa suna mai ma'ana da shekara, ka tura wa kanka ta imel, ka ajiye wani a filas. Wallahi abin takaici ne ka ga malami yana neman kwafin takardarsa ta shekara biyar baya, laftof ɗin ta mutu, abokin rubutun da ke da fayil ɗin ya bar jami'ar, shi ke nan sai dai haƙuri.

Daga nan ka duba abin da jonal ɗin ya yarda da shi. Da can ana shiga shafin Sherpa Romeo mai tattara ƙa'idojin jonal-jonal, yanzu an haɗe shi cikin Open Policy Finder na ƙungiyar Jisc ta Birtaniya, ka rubuta sunan jonal ko lambarsa ta shaida (ISSN) zai nuna maka wane kwafi aka yarda da kuma ko akwai wa'adin jira. Manyan kamfanoni irin su Elsevier kan ce a jira, sau da yawa wata 12 ko 24 bayan bugawa. Wannan ba zai hana ka ɗorawa yau ba, DSpace na da wurin sa ranar da fayil zai buɗe, kafin nan mutane za su ga take da tsakure. In kuma takardar ta fito da lasisin CC BY, wanda ya ba kowa damar yaɗa ta muddin ya ambaci marubucin, to ka huta, na kamfanin ma za ka iya sakawa. Jonal ɗinmu na sassa da tsangayoyi yawanci ba za ka same su a Open Policy Finder ba, sai ka rubuta wa edita layi biyu ka nemi izini, ka ajiye amsar. Abokan rubutunka ma ka faɗa musu, ladabi ne kuma yana hana rigima.

Ɗorawar kanta ba ta da wuya. Ka yi rajista da imel ɗin jami'a, laburare su ba ka dama a sashenka, ka cike fom, ka ɗora PDF, ka amince da lasisin ajiya, wanda ba ya ƙwace maka haƙƙinka, izini ne kawai na su ajiye su nuna. Wasu jami'o'in ba sa bari ka ɗora da kanka, tura musu za ka yi su saka.

Fom ɗin nan kada ka yi masa garaje don da shi ake nemo ka. Sunanka ya zama iri ɗaya kullum, ba yau Muhammad gobe Mohammed jibi M. kawai ba, ka buɗe ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, kyauta ka riƙa sa lambar. Ka sa DOI, wato lambar dindindin da ke kai mutum ga takardar a jonal, don a ambaci na asalin. Masu rubutu da Hausa kuma ga taku matsalar: in da tsohon salon haruffa irin su Rabi'at ka buga, kana kwafo take zuwa fom sai ka ga ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, kuma ba mai neman }asa a Google. Ka zauna ka sake buga take da tsakure da fitilun kalmomi da haruffan Unicode, waɗanda ba sa rikiɗewa in an kwafo su, in da hali ka ƙara tsakure na Turanci. Sannan don Allah kada ka ɗauki hoton shafuka da waya ka haɗa ka ce PDF ne, Google Scholar, injin neman takardun bincike, rubutu yake karantawa, kuma a ƙa'idarsa fayil kada ya wuce megabait 5. Daga Word ka fitar da shi kai tsaye.

Kundin digiri ma ana ɗorawa, amma ka yi shawara da sufabaiza tukuna, ka cire shafin sa hannu da lambobin waya da sunayen mutanen da ka yi hira da su in ka yi musu alƙawarin sirri.

Wani zai ce ai na sa a ResearchGate, dandalin masu bincike a intanet. Kamfanin kasuwanci ne, kuma an sha tilasta masa sauke takardu saboda haƙƙin mallaka. Rumbun jami'a yana ba ka adireshi na dindindin wanda za ka sa a CV da takardun neman ƙarin girma. In jami'arku ba ta da rumbu, ko sabar ta daɗe a kwance, ka saka a rumbun Zenodo na cibiyar bincike ta CERN, kyauta ne kuma suna ba da DOI, idan taku ta farfaɗo sai ka ɗora a can ma. Bayan ka tura a rumbun jami'a, ma'aikacin laburare zai duba kafin ya fito, in sati biyu ya wuce shiru ka leƙa ofishinsu ka tuna musu.