Cin abinci a tsibirin Kirit: kurakuran da baƙi suka ƙi dainawa

Duk bazara sai an maimaita kuka iri ɗaya. Mutum ya sha wahalar biza, ya biya jirgi har ƙasar Girka, ya isa tsibirin Kirit, sannan ya dawo yana cewa abincinsu tsada, ko an cuce shi a kan kifi, ko kuma ya gano bayan kwana uku cewa tsiren da yake ta yabo na alade ne. Kusan duk wannan yana faruwa ne a cikin minti biyar na farko bayan an zauna, kafin a ɗora komai a wuta. Abin da zan faɗa a kan Kirit ne, musamman biranen Haniya da Retimno, amma mafi yawansa zai yi maka aiki a sauran tsibiran Girka irin su Rodos ko Naksos ko Santorini.

Kifi da kilo ake sayar da shi

Wannan ne ya fi cin aljihun mutane, kuma shi ne ya fi ba ni haushi, domin babu wani ɓoye-ɓoye a cikinsa. A taverna, wato gidan abincinsu na gargajiya, kuɗin da ka gani a gaban sunan babban kifi kuɗin kilo ɗaya ne, ɗanye, da kansa da ƙayarsa da kayan cikinsa. A ce an rubuta Yuro 65. Mai hidima ya zo da fara'a ya ce yau an samu kifi mai kyau da zai ishi mutum biyu, kai kuma ka gyaɗa kai. Kifin ya zo kilo ɗaya da giram 200. Yuro 78 ke nan, ba a sa salak ba, ba a sa ruwa ba. A wuraren da suka fi son kuɗin baƙi ma da giram 100 suke rubutawa, da ƙananan haruffa. Ka ga 12 ka ɗauka araha ce, alhali 120 ake nufi a kilo. Haka ake yi da astakos, wannan ƙaton jatan landen da ake dafawa da taliya, kuma shi nauyinsa rabi ɓawo ne.

To me ya hana ka tashi? Girkawa da kansu ba sa odar kifi daga kan kujera. Ana tashi ne a bi mai gidan zuwa inda aka jera kifin a kan ƙanƙara, a nuna wanda ake so, a ɗora shi a sikeli a gaban idonka, a faɗi kuɗinsa, sannan ka ce a gasa. Babu wanda zai ɗauke ka marowaci, al'adar wurin ce. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon baƙo bai san nauyin kifin Bahar Rum ba, don haka sikelin dai. Ni ƙa'idata giram 350 zuwa 400 na ɗanyen kifi ga mutum ɗaya, domin bayan an cire kai da ƙaya da ciki abin da ya rage bai wuce rabi da ɗan wani abu ba. Ina kuma sa a rubuta mini nauyin da kuɗin a takardar odar. Wanda ya ƙi auna maka, ko ya ce "kada ka damu, za mu daidaita", ka yi masa sallama tun ba a hura gawayi ba.

Sa'ad da kake tsaye a wurin, duba idon kifin: ya zama garau, ba wanda ya yi hazo ya faɗa ciki ba. Ɗaga murfin kumatunsa, cikin ya zama ja. Danna jikinsa da yatsa, naman ya dawo.

Akwai kuma masu zaton duk abin da aka ci a bakin teku daga tekun nan ya fito da asuba. Dokar Girka ta wajabta a nuna abin da ya kwana a firiza, shi ya sa za ka ga ɗan tauraro a gefen sunan abinci, ko haruffan κατ. A lokacin zafi kalamari da jatan lande da oktapodi mai hannu takwas galibi masu tauraro ne. Dalili a fili yake: daga watan Yuni zuwa ƙarshen Satumba an hana manyan jirage masu jan koma a ƙasan teku aiki a ruwan Girka, ga kuma iskar arewa da suke kira meltemi, wadda a Yuli da Agusta takan hana ƙananan jirage fita kwana da kwanaki, daidai lokacin da baƙi suka fi yawa. Na firiza ba laifi ba ne, laifin shi ne ka biya shi da kuɗin sabo. Kifayen tsipura da lavraki da za ka gani duk girmansu ɗaya, ana sayar da su da faranti a kuɗi mai sauƙi, na kiwo ne. Suna da daɗi, amma kada a ce maka masunci ne ya kamo su. In kana son sabon kifi ba tare da ka yi kuka ba, nemi ƙanana: sardela gasasshe, ko gavros da marida soyayyu. Su ake sayarwa da faranti, kuma su 'yan gari suke ci.

Alade ba ya zuwa da sunansa

Ga Musulmi wannan ya fi na kifi muni, don kuɗi ana mayar da shi. A Girka, in ka ce giros, mai kama da shawarma, ko suvlaki, wato tsirensu, ka yi shiru, alade za a ba ka. Shi ne asali, kaza ce ake ambata. Mutane suna ganin naman yana juyawa a jikin ƙarfe sai su ɗauka shawarmar da suka sani ce ta Larabawa ko Turkawa. Ba ita ba ce. Ka haddace kalmomi biyar: hirino alade ne, a rubuce χοιρινό, kotopulo kaza, arni rago, katsiki akuya, moshari naman shanu.

Amma ko wanda ya san wannan yakan faɗa a rami na biyu, wato niƙaƙƙen nama. Keftedes, bifteki, suzukakiya, musaka, pastitsiyo, dukkansu da niƙaƙƙen nama ake yin su, kuma gidaje da yawa suna gauraya na shanu da na alade don ya yi laushi. A menu sai a rubuta maka "nama" kawai. Apaki, wanda za a yi ta tallata maka a matsayin abin alfaharin Kirit, alade ne da aka jiƙa a ruwan tsami aka yi masa hayaƙi, kuma ana yanka shi cikin ƙwai, cikin salak, cikin taliya. Lukaniko, tsiran-hanjin nasu, shi ma haka. Brizola, yankan nama na gashi, in ba a ce ta moshari ba ce, ka ɗauka ta alade ce. Har tsiren kaza akwai wanda ake naɗe shi da siririn naman alade. Sannan a wurin masu gashi, waya ɗaya ce, wuƙa ɗaya ce, kuma burodin pita sau da yawa a kan wannan wayar ake ɗumama shi.

Haba jama'a, mutum ya iya tsayawa ya yi ciniki rabin awa a kan abin wuya na tsaraba, amma ya ji nauyin tambayar abin da zai shiga cikinsa? Tambayar ba ta da tsawo: "Ehi hirino?", wato akwai alade? Sai ka kula da amsar, domin "ne" a bakinsu eh ce, "ohi" ita ce a'a, kuma in mutum ya ɗaga haɓa sama ya ɗan yi tsaki, a'a yake nufi. Kada ka tambaya ko abincin halal ne. Yaron da ke hidima wataƙila ɗan makaranta ne da ya zo aikin hutu, zai ce maka eh don ya faranta maka. Tambayi abu ɗaya-ɗaya, kuma in ya yi jim, ka roƙe shi ya shiga kicin ya tambayo.

Giya ma haka take shiga tukunya ba sallama. Stifado da kokinisto, miyoyin namansu, galibi da jar giya ake dafa su. Duk abin da aka ce krasato ne, sunansa ma ya faɗa maka, don krasi ita ce giyar inabi. Jatan lande saganaki ana yawan zuba masa uzo, wata barasarsu. Sai babban tarkon Kirit: in kun gama cin abinci za a kawo muku kyauta, 'ya'yan itace ko ɗan kayan zaƙi, tare da wata 'yar kwalba mai ruwa fari tas da ƙananan kofuna. Ba ruwa ba ne. Raki ce, wadda suke kuma kira cikudiya, barasa mai ƙarfi da ake tacewa daga tuƙar inabi. A ja wa yara kunne tun kafin ta iso. Ka dafa ƙirji ka ce "efharisto, den pino", na gode, ba na sha, ka ci kankanar. Ba wanda zai ji haushi.

Batun yanka kuwa, kowa ya san abin da malaminsa ya gaya masa game da yankan Ahlul Kitabi, ba ni zan yanke ba. Wanda ya gamsu, Kirit ƙasar rago da akuya ce: akwai antikristo, ragon da ake jerawa a kewayen wuta ya gasu a hankali da gishiri kawai, akwai paidakiya, haƙarƙarin rago, akwai gamopilafo, shinkafar biki da ake dafawa a romon nama. Wanda bai gamsu ba, ga hanyar da ni nake bi. Galibin Girkawa Kiristoci ne 'yan Otodoks, suna da azumin da ake barin nama da madara da ƙwai, ranakun Laraba da Juma'a da kuma makonnin da ke gaban Ista. Saboda haka kowane mai dafa abinci ya san kalmar nistisimo, abincin azumi. Ka faɗe ta, za a jero maka fava, wato faten wake rawaya da albasa da man zaitun, da gigantes, manyan wake a miyar tumatir, da briyam, gasassun kayan lambu, da fasolakiya, koren wake, da horta, dafaffen ganye da lemun tsami. Gemista, tumatir da tattasai da aka cusa wa shinkafa, ka tabbatar marar nama ne. Ƙara da dakos, busasshen burodin sha'ir da aka jiƙa da tumatir aka ɗora cukun mizitra. Abu ɗaya: nistisimo ya kore nama, bai kore giya ba, wannan tambayar tana nan daram.

Sauran ƙananan kurakurai

Zuwa cin abincin dare ƙarfe shida. Za ka tarar da kujeru wayam sai baƙi irinka. 'Yan gari suna cin na rana wajen ƙarfe biyu zuwa uku, na dare daga tara. Abincin tukunya da na tanda, irin su musaka da gemista, da safe ake dafa su, don haka da rana suka fi kyau, kuma da ɗumi-ɗumi ake kawo su da gangan, kada ka mayar a ce bai yi zafi ba. Da dare a ci gashi.

Zama a inda wani ya tare ka a hanya da menu mai hotuna. A tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Haniya, kusa da tsohon masallacin Turkawa mai ƙubba, kuɗin kallon teku kake biya. Sha shayi ko gahawa a can, ka shiga lungu biyu ko uku ciki, wajen unguwar Splanjiya, ka ci abinci.

Kowa ya yi odar farantinsa. Ba haka ake yi ba, a tsakiya ake ajiyewa kowa ya ɗiba, kuma abin da ya nuna shi ake fara kawowa. Mutum huɗu: salak ɗaya, ƙananan faranti uku ko huɗu, manya biyu. In bai isa ba a ƙara.

Burodin da aka ajiye ba ka tambaya ba yana da ɗan kuɗinsa a kan kowane mutum. In ba ka so, ka faɗa tun ana ajiyewa. Ruwan kwalba ma haka. A Haniya ruwan famfo yana shawuwa, a Santorini da Mikonos na kwalba ake sha.

Jiran yaji. Abincinsu babu barkono. Nemi bukovo, dakakken jan barkono, ko ka taho da ɗan yajinka a jaka.

Shanye gahawar Girka har ƙasa. Gari ne a kwance a gindin kofin, a bar shi. Sukari kuma tun wajen dafawa ake sa shi, sai ka faɗa tun farko: sketos babu, metriyos kaɗan, glikos da yawa.

Ɗaga tafin hannu da yatsu biyar a buɗe wajen fuskar mai hidima don ka ce "biyar" ko "dakata". Daƙuwa ce a can kamar yadda take a gida, suna kiranta munja. Juya tafin ya kalle ka.

A banɗaki takarda a kwando ake jefa ta, bututunsu sirara ne. Buta kuwa babu, shiga da gorar ruwanka.

Sai zaman jiran bil. Ba za a kawo ba sai ka nema, domin a wurinsu kawo shi ba a tambaya ba kamar korar baƙo ne. Ka ce "ton logariyazmo, parakalo". In ya zo, ka bi shi layi-layi, musamman nauyin kifin, ka gwada da abin da aka rubuta maka tun farko. Ka kuma tabbatar rasit ne na na'ura ba lissafin biro a kan takardar tebur ba, don a jikin menu ɗin kansa doka ta sa an rubuta cewa mai saye ba dole ne ya biya ba in ba a ba shi rasit ba. Doka ta kuma wajabta musu na'urar karɓar kati, amma a ƙauyukan dutse ka riƙe tsabar kuɗi saboda matsalar sabis. Ihsani ga mai hidima ba tilas ba ne: a cike kuɗin zuwa adadi mai kyau, ko a bar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari a kan tebur, da tsaba.