Kurakuran da ɗalibai ke ta maimaitawa kan rabuwar lamba

Ka tambayi ɗalibi ko 7 tana rabuwa da 2, sai ya danna kalkuleta, ya ga 3.5, ya ce ai ta rabu. Ba ta rabu ba. A lissafi, idan aka ce lamba tana rabuwa da wata, ana nufin ta biyun ta shiga cikin ta farkon cif-cif, babu saura. 3 ta shiga 12 sau 4, saura babu. 2 kuwa ta shiga 7 sau 3, saura 1. Kalkuleta ba ta nuna saura, farfasa shi take yi bayan ɗigo, shi ya sa nake hana taɓa ta a wannan darasi. Tambayata ta farko kullum ita ce: saura nawa?

Amma kuskuren da ya fi ƙona mini rai, wanda kuma ya taɓa cinye mini maki a jarrabawa, shi ne ninka lambobi biyu da ka. An koya maka cewa lambar da ta rabu da 2, ta kuma rabu da 3, to ta rabu da 6. Gaskiya ne. Sai ka ɗauki wannan ka yi ta yawo da shi ko'ina: wai ta rabu da 4, ta rabu da 6, saboda haka ta rabu da 24. Wa ya gaya maka? Ɗauki 12 ka gwada mana! 4 ta shiga, 6 ta shiga, to ta ina 24 za ta shiga cikin 12? Ai 2 da 3 babu lambar da ke shiga cikinsu duka sai 1, su kuwa 4 da 6 suna tarayya a 2, wato 2 tana shiga cikinsu duka. Da ka ninka su, ka ƙirga 2 ɗin nan sau biyu ke nan. Haka 20 take: 2 ta shiga, 4 ta shiga, 8 ta ƙi. Ni dai ba na ninkawa sai na duba ko akwai abin da suke tarayya a kai, sannan in gwada da ƙaramar lamba. Wannan ba ya cin minti ɗaya, lalaci ne kawai ke hana ku.

Haɗa alƙaluman lamba don a gane ko ta rabu, na 3 da 9 ne, domin 10, 100 da 1000 duk saura 1 suke bari idan aka raba su da 9. Kada ka kai shi wajen 7: alƙaluman 16 sun ba da 7, amma 16 ba ta rabuwa da 7. Na 4, alƙaluma biyun ƙarshe ake dubawa ko sun rabu da 4. Ƙarewa da 3 kuma ba hujja ba ce cewa lamba ta rabu da 3, ga 13 da 23 nan.

Sai sifili. 0 tana rabuwa da 5, tunda 5 sau 0 ya ba da 0. Raba 5 da 0 ne ba ya yiwuwa, don babu lambar da za ka ninka da 0 ta ba ka 5.