Kurakuran masu koyon jitar lantarki wajen fikof da makunnin zaɓi

Na gaji da ganin masu koyo suna ɗora wa jita laifin da ba nata ba. Fikof dai maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, wanda yake mayar da motsin tsirkiyar ƙarfe ya zama lantarkin da amfilifaya ke ƙarawa. Jita takan zo da fikof fiye da ɗaya: na kusa da wuyanta yana ba da sauti mai kauri da taushi, domin a nan tsirkiya ta fi yin lilo, na can gindi kuwa sautinsa siriri ne mai kaifi.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗaga fikof har ya kusa taɓa tsirkiya, wai don ƙara ta ƙaru. Ƙarar kam tana ƙaruwa, amma maganaɗisun yakan janyo tsirkiyoyin, musamman masu kaurin, sai sauti ya mutu da wuri, ya riƙa rawa kamar ba a saita jitar ba. Wannan matsala ta ci mini kuɗin sababbin tsirkiyoyi da na mai gyara, alhali sukudireba kaɗai take buƙata. Al'adata yanzu ita ce in danne tsirkiya a ƙarfen ƙarshe na wuya, in bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakaninta da fikof, sannan in riƙa juya notin da ke ɗaga fikof ɗin kaɗan-kaɗan ina saurare.

Sai kuma masu kafe makunnin zaɓi, wato ɗan hannun da ke zaɓar fikof ɗin da zai yi aiki, a fikof na gindi, suna kukan jita tana tsaga kunne. Haba! Lokacin da kamfanin Fender ya fitar da jitarsa mai fikof uku, Stratocaster, a 1954, matsayi uku kawai makunninta yake da shi, makaɗa suka riƙa maƙale shi a tsakani domin su haɗa fikof biyu, sai a 1977 kamfanin ya mayar da shi mai matsayi biyar. Abin da wasu suka sha wahala kafin su samu, kai an ba ka shi a hannu ka ƙi taɓawa.

Ƙugin da fikof mai naɗi ɗaya yake yi ba lalacewa ba ce, wutar lantarkin ɗaki yake ɗauka. A yawancin jitocin zamani irin Stratocaster matsayi na 2 da na 4 na makunnin, masu haɗa fikof biyu, suna kashe shi, haka ma fikof mai naɗi biyu da injiniya Seth Lover ya ƙera wa kamfanin jita na Gibson.

Makunnin da yake ƙaras-ƙaras yawanci ƙura ce ta shige shi, a fesa masa maganin wanke kayan lantarki kafin a yi maganar sayen sabo.