Fatsa a kan ƙanƙara: kurakuran da baƙi suka fi yi

Duk ɗan'uwan da karatu ko aiki ya kai jihar Minesota a Amurka, ba zai rasa abokin da zai ja shi kamun kifi a kan daskararren tafki ba. A fasa rami, a zura ƙugiya, a zauna jira. Kuskure kusan duk tushensa ɗaya ne: baƙo na ganin farin fili shimfiɗe sai ya ɗauka ƙasa ce, alhali murfin ruwa ne.

Na farko shi ne bin sawun mutane ba tare da awo ba. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar ta ce sai kaurin sabuwar ƙanƙara mai garai-garai ya kai inci 4 kafin a taka. Farar nan mai haɗe da dusar ƙanƙara rabin ƙarfin take da shi, don haka a ninka awon. Kuma tafki ba ya daskarewa bai ɗaya. Nan inci 6, taku kaɗan gaba inci 2, musamman kusa da mashigar rafi. Ka riƙa hudawa kana aunawa. A Nuwambar 2022 mutum wajen 200 aka ceto a tafkin Upper Red, bayan ƙanƙarar da suke kai ta ɓalle daga gaɓa.

In ta rufta da kai, kada ka kama kici-kici. Minti na farko na daidaita numfashi ne, sannan kana da kamar minti 10 kafin hannuwa su sandare. Juya ta inda ka fito, don nan ce ta ɗauke ka ɗazu. Kafa tsinkunan ƙarfen da ake ratayawa a wuya don cakar ƙanƙara a jawo jiki, ka harba ƙafafu, in ka hau ka mirgina, kada ka miƙe. Tsinkunan da aka bari cikin jaka kuwa, sunansu babu.

Wani kuskuren shi ne a toshe tantin da ake fakewa ciki ruf, a kunna na'urar ɗumi. Mun san abin da kaskon gawayi ke yi a rufaffen ɗaki da hunturu, to shi ne nan ma. A bar kafar iska.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne shara. Leda, gwangwani, guntun sigari, har ba-haya, mutum ya tura dusa ya rufe ya yi gaba. Zuwa Afrilu ko Mayu ƙanƙara ta narke, duk su zube cikin ruwan da ya ci kifinsa. Tun 2023 doka ta hana ajiye shara a kan ƙanƙarar jihar, tarar dala 100 ce. Ka tafi da bokiti mai murfi da leda mai kauri, shara ta zauna cikin tanti ko mota. Ragowar ƙananan kifayen koto ma kada ka juye su a rami, suna iya kai cuta tafkin. Kwandon shara za su.